Kun Ɗauki Hoton Fayil, To Kwamfutar Ta San Abin da ke Ciki?

[Hoto: ɗakin ajiyar kati, fayil-fayil jere har rufi]

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Duk wanda ya taɓa aiki a asibiti ya san wannan ɗakin, har ƙamshin tsohuwar takardar da ke cikinsa ya sani. Yau maganarmu a kan ƙaramin asibitin ƙwararru ce, mai likita ɗaya ko biyu da ke duba ciwo iri guda, da yadda yake barin ɗakin nan ya koma ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Abin da ya sa na ɗauko zancen, kwanan nan na sha jin magana ɗaya daga bakin masu irin wannan asibiti: "Ai mu mun gama, an ɗauki hoton fayil ɗinmu kaf, suna cikin kwamfuta." Duk sanda na ji haka sai gabana ya faɗi. Mutumin ya sha wahala, ya kashe kuɗi, ya saki jiki, alhali aikin da zai kare majinyacinsa ko soma shi bai yi ba.

Bari mu bi matakan farko da sauri, don galibi ba a nan ake tuntuɓe ba. Za a zaɓi manhaja, a tabbata ta dace da fannin likitan, domin abin da likitan ido ke rubutawa daban yake da na likitan fata. Za a sa kwamfuta a wurin yankar kati da ɗakin likita da wurin ba da magani, a haɗa su. Kowane ma'aikaci a ba shi sunansa da kalmar sirrinsa, ba a aro, ba a liƙa ta a jikin allo. A koya wa kowa aikinsa. Shi ke nan, mu wuce.

[Hoto: hannu yana zura takarda cikin na'urar sikana]

To, nan ne zan ja burki.

Ku dubi abin da na'urar nan take yi. Takarda ta shiga, hoto ya fito a allo. Idonka yana karanta hoton, ya ga sunan magani, ya ga kwanan wata. Ita kuwa kwamfuta, ɗige-ɗige baƙi da fari kawai take gani. A wurinta, hoton fayil ɗin majinyaci da hoton bishiya duk kanwar ja ce. Za ta adana maka shi, za ta buɗe maka idan ka nema, amma ba ta san abin da ke rubuce a ciki ba.

Mu ɗauki misalin asibitin ido. Ga wani dattijo mai hawan jinin ido, wato gilakoma. Ɗaya daga cikin magungunan ɗigawa da aka daɗe ana ba masu wannan ciwo shi ne timolol. Maganin yana sauke matsin ido sosai, amma ba a ido kaɗai yake tsayawa ba. Yana bin 'yar hanyar hawaye ya gangara hanci, daga nan ya shiga jini, kuma yana iya ƙuntata hanyoyin numfashi. Shi ya sa ba a ba mai ciwon fuka, wato asma. Yanzu a ce dattijon nan yana da fuka, kuma an rubuta haka a fayil ɗinsa shekara tara da suka wuce, a shafi na goma sha huɗu, a gefen takarda. An ɗauki hoton shafin, yana nan lafiya lau a kwamfuta. Likita ya zo da rana, layi ya yi tsawo, ya danna timolol. Kwamfuta ba za ta ce uffan ba.

[Hoto: allo biyu gefe da gefe]

Yanzu ku dubi allon dama. Nan wani ya zauna ya buɗe gurbin da ake kira jerin matsaloli, ya zaɓi asma daga cikin jerin cututtuka. A bayan fage manhajar ta liƙa mata lamba, J45 a kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira ICD-10, kamar yadda gilakoma take H40. Likita ya danna timolol, ga shi, jan gargaɗi ya faɗo. Asibiti ɗaya, majinyaci ɗaya, manhaja ɗaya. Bambancin kawai, a nan an sa bayanin a gurbinsa, can kuwa an bar shi cikin hoto.

Wannan tunani na jerin matsaloli ya girmi kwamfutocin da muke amfani da su. Wani likita ɗan Amurka, Lawrence Weed, shi ya yi ta fafutuka a kansa, musamman a rubutun da ya wallafa a 1968, cewa a fara kowane fayil da jerin abubuwan da ke damun mutum, sauran rubutu duk ya rataya a jikinsu. A ganina duk wanda zai sayi manhajar asibiti ya kamata ya fara fahimtar wannan kafin ya kalli kyan allonta.

Kuma ba gargaɗi kaɗai ake rasawa ba. Gilakoma ciwo ne na shekaru, likita yana son ganin yadda matsin ido yake tafiya. Matsin ido na yawancin masu lafiya yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin da ake amfani da shi, amma lamba ɗaya ba ta cika gaya maka komai ba, jerinsu ne ke magana. Idan lambobin suna cikin gurabensu, idon dama daban, na hagu daban, kowace da ranarta, danna ɗaya za ka ga zanen hawa da sauka na shekara biyar. Idan hotuna ne, sai ka yi ta buɗe shafi kana rufewa kana riƙe lambobi a ka, aikin da ma a takarda ya fi sauƙi, don takarda ko ba komai kana iya sa yatsa a tsakani.

Na san abin da wani zai ce: ai akwai manhajar da ke karanta rubutu daga hoto. Gaskiya ne akwai, kuma idan rubutun na'ura ne, kamar sakamakon gwaji daga ɗakin bincike, tana taimakawa. Amma ku dubi wannan.

[Hoto: rubutun hannun likita, an matso da shi kusa]

Likitoci, ku yi mana afuwa, muna ƙaunarku, amma ku faɗa mana tsakani da Allah, wannan 1 ce ko 7? Ga kuma wani abu da ya fi wannan. A fayil ɗin ido, haruffan OD suna nufin idon dama. A takardar magani kuwa, a ƙasashe da dama, od na nufin sau ɗaya a rana. Haruffa biyu, ma'ana biyu, kuma suna iya haɗuwa a shafi guda. Wanda ya san aikin ne kaɗai zai raba su.

Saboda haka aikin gaske shi ne tsamo bayani. Mutum ya zauna da tsohon fayil, ya karanta, ya ciro abubuwan da rayuwa ta rataya a kansu, ya shigar da kowanne a gurbinsa: cututtukan da mutum yake fama da su, har waɗanda ba na fannin asibitin ba, magungunan da yake sha yanzu da adadinsu, magungunan da jikinsa ba ya karɓa da abin da suka yi masa, tiyatar da aka taɓa yi da gefen da aka yi ta, sai muhimman lambobin gwaji na baya-bayan nan. Sauran shafukan a ɗauki hotonsu, babu laifi, a sa musu suna da kwanan wata yadda za a same su. Hoto yana da amfaninsa a matsayin madogara.

Wa zai yi aikin? Ra'ayina a nan ba ya rawa. Nas ko wani mai ilimin jinya ya shigar, likita ya duba ya amince. Na ga inda aka ɗauko masu saurin buga rubutu aka ba su, don a gama da wuri. Sauri kam sun yi, amma mutumin da bai san magani ba, idan ya ga suna biyu masu kama, wanda ya fara fitowa a jeri zai danna, kuma ba laifinsa ba ne.

Ga wani ɗan abu da nake so ku riƙe da kyau. Gurbin da babu komai a ciki ba ya nufin babu. Idan gurbin maganin da jiki ba ya karɓa ya zauna fayau, ma'anarsa ba a tambaya ba tukuna. Manhaja mai kyau tana da wurin da za a danna cewa an tambaya, kuma ba a san da wani ba. A takarda likita ya saba idan bai ga jan rubutu a bangon fayil ba sai ya ci gaba. Idan ya zo da wannan ɗabi'ar zuwa allo, gurbi fayau zai yi masa kama da lafiya lau.

Kada kuma yawan fayil ya karya muku gwiwa. Ba dole ba ne a kwashe ɗakin nan gaba ɗaya. A duba waɗanda za su zo mako mai zuwa, a fara da nasu. Ranar da mutum ya zo, a karanta masa abin da aka shigar, ya ce e ko a'a, don sau da yawa ya daina shan magani tuntuni fayil bai sani ba. A haka, cikin 'yan watanni, masu zuwa a kai a kai duk sun shiga. Kafin a buɗe wa kowa sabon shafi kuma, a neme shi da ranar haihuwa da lambar kati, ba da suna kaɗai ba. Mutum ɗaya mai shafi biyu, fukarsa tana ɗaya, timolol yana ɗayan.

[Hoto: ɗakin jira, agogo, ma'aikaciya tana bugawa]

Sauran da gudu. Makonnin farko a rage yawan waɗanda za a gani, domin kowa zai yi nauyin hannu. Ko bayan an saba ma allo yana cin lokaci: wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2016 ya gano cewa a kan kowace awa ɗaya da likita ya yi gaban majinyaci, yana ƙara kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. Don haka a juya allon yadda majinyaci zai gani, a dinga ɗago kai ana kallonsa. A ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban, a kuma gwada dawo da shi, kada a jira ranar tsautsayi. A watan Mayun 2017 harin wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ya kulle kwamfutocin asibitoci da dama a Ingila, aka soke ganin likita kusan 19,000. A tanadi takardun wucin gadi na ranar da allo ya ƙi tashi. A rubuta cikin yarjejeniya cewa duk ranar da kuka bar kamfanin manhajar, zai ba ku bayananku a tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa. Tsofaffin fayil kuwa kada a taɓa su sai an duba shekarun da dokar ƙasarku ta ce a ajiye su.

[Hoto: allo, akwatin bincike, yatsa yana bugawa]

Ga gwajin da nake so ku yi gobe da safe, minti biyu ne. Ku buɗe wurin bincike, ku ce wa manhajar ta kawo muku duk majinyatan da ke kan wani magani guda, ta kuma ware waɗanda ke da ciwon da maganin ba ya jituwa da shi. Idan jeri ya fito, ku ɗauko fayil goma na takarda ku gwada su da abin da ke allo, ɗaya bayan ɗaya. Idan kuwa allon ya zauna fari kamar wannan, to ku jawo kujera, ku ɗauko fayil ɗin wanda zai fara shigowa ranar Litinin.