Gwanjon tsofaffin kayan besbol: abin dubawa kafin a taya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga unguwar Bronx nake magana, a birnin New York. In kun ji ƙarar jirgin ƙasa ku yi haƙuri, layin da ke bi ta filin wasan ƙungiyar Yankees ne. Ga kayan aikinmu na yau a kan tebur: katuna uku masu hoton 'yan wasa, ƙwallo ɗaya, rula, madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, da tocila mai shuɗin haske irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. Maganar gwanjon tsofaffin kayan besbol, wasan nan na Amurka da ake buga ƙwallo da sanda, za mu yi, yadda ake saye, yadda ake yi musu kuɗi, da yadda ake sake sayarwa ba tare da uwar kuɗi ta narke ba.

Abin da ke ja wa mutane rai su shigo harkar shi ne manyan labarai. A watan Agustan 2022 an sayar da katin shahararren ɗan wasa Mickey Mantle na kamfanin Topps, bugun 1952, a kan dala miliyan 12.6 a gidan gwanjon Heritage. A wannan watan kuma katin Honus Wagner, wanda aka riƙa sakawa cikin kwalin taba tsakanin 1909 da 1911, ya tashi a dala miliyan 7.25. A 2024 rigar da fitaccen ɗan wasa Babe Ruth ya sa a gasar ƙarshe ta 1932 ta haura dala miliyan 24. Wannan kasuwar attajirai ce, mu kallo ne namu. Kasuwar ɗan tireda tana tsakanin dala 50 zuwa dubu ɗaya ko biyu, kuma yawancinta katunan shekarun 1950 zuwa 1970 ne.

Tun daga nan ake fara tafka kuskure. Tsufa kaɗai ba ya sa kati tsada. Katunan da aka buga daga wajen 1987 zuwa 1994 sun haura shekara talatin, amma kamfanoni sun buga su kamar ba gobe, har yau kwalaye ne jibge a gidajen mutane. In ka ga an ce maka katuna dubu biyar a dala 40, mafi yawa irinsu ne, kuɗin aikensu ma ya fi su daraja. Abu uku ke ɗaga kati: wane ɗan wasa ne, nawa suka rage a duniya, kuma a wane hali yake. Katin shekarar farko ta ɗan wasa shi ne kan gaba, kamar Hank Aaron na Topps 1954 mai lamba 128, Roberto Clemente na 1955 mai lamba 164, ko Nolan Ryan na 1968 mai lamba 177. Shi Mantle na 1952 ba ma shi ne na farkonsa ba, na farkon na kamfanin Bowman ne na 1951. Abin da ya ɗaga shi, yana cikin rukunin ƙarshe na bugun shekarar, lamba 311 zuwa 407, waɗanda suka fito a makare suka yi kwantai. Sy Berger na kamfanin Topps da bakinsa ya ce ragowar a teku aka zubar da su.

To bari in matso da kyamara. Wannan na farko yana cikin gidan roba a rufe, da takarda a samansa mai ɗauke da maki. Kamfanonin tantancewa, irin su PSA da SGC da Beckett, suna ba kati maki daga 1 zuwa 10. Suna duba kusurwoyi huɗu, da bakin katin, da fuskarsa ko akwai ninki ko tabo, da kuma yadda hoton ya zauna a tsakiya. Wannan na ƙarshen kai ma za ka iya aunawa daga hoton talla. In farin gefen hagu milimita 3 ne, na dama 2, ka ce 60 da 40 ke nan, ba laifi. In ya kai 4 da 1, katin ya karkace sosai, ko da kusurwoyinsa kamar allura suke ba zai samu babban maki ba. Katuna biyu masu maki ɗaya ma ba kuɗinsu ɗaya ba, wanda hotonsa ya zauna daram a tsakiya ya fi saurin tafiya kuma ya fi tsada.

Gidan robar ma ana yin jabunsa. Kowanne yana da lambar shaida. Ka shiga shafin kamfanin ka buga lambar, ka ga ko ɗan wasan da shekarar da makin sun yi daidai. In akwai hoton katin a can, ka gwama shi da na tallan, ɗigo da ɗigo. Sannan ka dubi gefen robar. Inda aka ɓalle aka sake mannewa yakan yi fari-fari kamar hazo.

Wannan na biyun tsirara yake, ba a tantance shi ba, kuma a irinsa ne riba da asara suka fi yawa. Rula tukuna. Daga 1957 katin Topps inci 2 da rabi ne a faɗi, 3 da rabi a tsawo. Na 1952 zuwa 1956 sun fi girma, inci 2 da 5/8 da kuma 3 da 3/4. In kati ya gaza awonsa alhali kusurwoyinsa sun yi tsini fiye da kima, to an yi masa aski, wato an yanke gefen da ya cinye don ya zama kamar sabo. Sa madubi a bakinsa. Yankan masana'anta na shekara sittin ya dafe, launinsa ɗaya da sauran kwalin, yana da ɗan kaushi. Sabon yanka fari ne tas, sumul. Katin da aka gane an yi wa aski ba a ba shi maki, sai dai a rubuta cewa na gaske ne amma an taɓa shi, kuɗinsa kuma ya faɗi warwas. Kada ku ɗauka ƙananan 'yan damfara kaɗai ke yi. Katin Wagner da ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da abokinsa suka saya dala 451,000 a 1991, wanda PSA ta ba maki 8, dillalin nan Bill Mastro ya amsa a kotu a 2013 cewa shi ya yi masa aski.

Ga na ukun, Topps na 1971, mai baƙin gefe. Baƙin nan yana saurin ɓarewa, sai wasu su bi wurin da alƙalamin maka su shafe. Ku duba nan ƙasan kusurwar dama. Daga gaba ba ka ganin komai, amma da na juya shi ta baki, kun ga tawadar ta tsotsu ta shiga cikin kwalin? Bugun asali a saman takarda yake tsayawa, ba ya nutsewa haka.

Jabu kuma madubi ne maganinsa. A katin gaske hoton ɗan wasa ɗige-ɗige ne masu tsari, amma baƙin rubutu da layuka a cike suke, tawada zalla. Wanda aka kwafa da na'ura, har rubutun ma ɗige-ɗige ne. Tocilar nan kuma tana aiki a kan katunan da suka girmi 1950. Takardar zamani ana sa mata sinadarin ƙara fari, sai ta yi ƙyalli a ƙarƙashin shuɗin haske. In aka ce maka Babe Ruth ne na kamfanin Goudey na 1933 kuma ya haska kamar farar shadda, ka ajiye shi. Rashin ƙyallin dai ba shaidar gaskiya ba ne, don akwai masu neman tsohuwar takarda su buga a kai. Ka kuma kiyayi tallan da aka rubuta "a kayan kakana na tsinta, ban san ko na gaske ba ne". Ya sani sarai.

Mu zo kan ƙwallo mai sa hannu, inda ni a ganina sabon shiga ya fi ƙonewa. Kafin ka kalli sa hannun, kalli ƙwallon. Ƙwallon hukuma yana ɗauke da hatimin sunan shugaban gasar na lokacin, shi ne kalandarka. A ɓangaren gasar American League, William Harridge ya riƙe daga 1931 zuwa 1959, Joe Cronin ya karɓa daga 1959 zuwa 1973. Babe Ruth ya mutu a 1948. Ashe ke nan sa hannun Ruth a kan ƙwallo mai hatimin Cronin, mamaci ne ya tashi ya sa. Haka kamfanin Rawlings, sai 1977 ya fara yin ƙwallon hukuma, kafin nan sunan Spalding da Reach ake gani. Alƙalamin ma shaida ne. Biro bai shiga kantunan Amurka ba sai 1945, Lou Gehrig kuwa ya mutu a 1941, don haka Gehrig da biro ƙarya ce tsagwaronta. Maka ta Sharpie a 1964 ta fito.

Akwai kuma wanda ƙwallon na zamanin ne, tawadar ma ta zamanin ce, amma hannun ba na mai sunan ba ne. A ƙwallayen da dukan 'yan ƙungiya ke sa wa hannu, sau da yawa ma'aikatan ɗakin canza kaya ne ke rubuta sunan babban tauraro don a hutar da shi. Wannan sai ƙwararru. Takardar shaidar da kasuwa ta yarda da ita ta kamfanonin tantance sa hannu ce, PSA/DNA, ko JSA, ko Beckett. Takardar da mai kayan ya buga da kansa, ko da hatimin zinariya, ba ta da amfani. Binciken da hukumar FBI ta yi a ƙarshen shekarun 1990, mai suna Operation Bullpen, ya nuna masu jabun sa hannu har da takardun shaidarsu suke haɗawa. Sandar bugu da rigar da aka ce an yi wasa da su kuwa, ku bar su sai kun daɗe a harkar. Can sai an gwama tabo da zare da hotunan ranar wasan.

Yanzu kuɗi. Farashin da mai kaya ya rubuta buri ne kawai. Abin da aka biya shi ne farashi. A shafin ciniki na eBay ka tace bincikenka ya nuna waɗanda aka riga aka sayar, ka nemi kati iri ɗaya, maki ɗaya, kamfanin tantancewa ɗaya, guda biyar ko fiye na watannin nan. Ka jefar da mafi tsada da mafi araha, ka riƙe na tsakiya. In ka ga an ja layi a kan farashi, an yi ciniki ne aka sallama ƙasa da haka, shafin 130point yana nuna ainihin abin da aka biya. Kada ka yi awo da cinikin 2021, lokacin kasuwa ta yi zazzaɓi, daga baya kaya da yawa sun sauko.

Daga nan sai ka yi lissafi da baya-baya. Misali katin yana tashi a dala 500. eBay za ta cire la'adarta, wajen kashi 13 cikin ɗari, kuma har da harajin da mai saye ya biya take lissafawa, ka ce dala 70. Aike da inshora 15. Saura 415. Kana son ribar 55, to duk abin da za ka kashe kada ya wuce 360. A gidan gwanjo akwai la'adar mai saye, kashi 20 ko sama da haka a kan tayinka, ga kuɗin aiko maka kamar 15, ga harajin saye, wanda a nan birnin New York kashi 8.875 ne in ba ka da takardar ɗan kasuwa mai sake sayarwa. In ka cire duka, tayinka na ƙarshe bai wuce dala 260 da 'yan kai ba. Katin dala 500 fa. Wanda ya taya 400 yana murna ya yi tsintuwa, ya riga ya faɗi tun kafin kaya su iso. Shi ya sa wasu ke tura abin da suka saya ma'ajiyar kamfanoni a jihar Delaware ko Oregon, inda babu harajin saye, su sake sayarwa daga can. In kuma tsiraran kati ne, ƙara kuɗin tantancewa da jiran makonni ko watanni, kuma ka yi lissafi da maki ɗaya ƙasa da wanda idonka ke gaya maka.

Rubuta lambar nan a takarda kafin gwanjo ya yi zafi. A eBay galibi lokaci na cika an rufe, don haka ba amfanin tayawa tun da kwana uku, kana tayar da na barci ne kawai. Saka iyakarka sau ɗaya a daƙiƙun ƙarshe, na'ura za ta taya maka kaɗan-kaɗan har zuwa iyakar. Ka sa ta da ɗan wutsiya, 263 maimakon 260, don mutane sun fi tsayawa a cikakkiyar lamba. Manyan gidajen gwanjo tsarinsu daban ne. Suna da ƙarin lokaci, duk sabon tayi yana sake tura agogo gaba, kuma galibi sai wanda ya taya kafin wa'adin farko ake bari ya ci gaba. Can sai ka ajiye ƙaramin tayi da wuri don ka samu kujera. Ana kai wa tsakar dare ana abu ɗaya, kuma a nan ne zuciya ke cin mutum.

Ka kuma lura da tayin bogi, inda mai kaya ke sa nasa su riƙa ɗaga farashi. Alamarsa sabon asusu da ba ya taya kayan kowa sai na mutum ɗaya, yana bin ka da ƙaramin ƙari, ko kayan da aka ce an sayar su sake bayyana bayan mako biyu a hannun mai su. Yana cikin laifukan da suka kai Mastro kurkuku. Mu kuma mun san shi tun a littattafan fiƙihu, shi ne najashu, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. In kai ne mai sayarwa, kada ka ce wa ɗan uwanka ya ɗan taya maka.

Wajen sayarwa, hoto gaba da baya a kan baƙin ƙyalle, kusurwa huɗu daga kusa, kuma in akwai ninki ka faɗa da bakinka, in ba haka ba kayan za su dawo maka kuma kai za ka biya kuɗin hanya. Ɗaurin kaya ga yadda yake: kati cikin siririyar leda, leda cikin roba mai tauri, a rufe bakinta da shuɗin salatif na masu fenti don ba ya barin danƙo, a sa tsakanin kwali biyu, sannan ambulan mai kumfa. Kada ka matse tsohon kati a robar da ake ɗaurewa da kusoshi, tana lallatse kusurwa har masu tantancewa su ce an taɓa shi. Abin da ya kai dala 750 a eBay sai ka aika da sharaɗin mai karɓa ya sa hannu, in babu wannan ya ce bai gani ba, kai ke da asara. Rasit kuma ka adana kowanne, na saye da na aike da na tantancewa, don hukumar haraji ribar za ta tambaya, kuma da su za ka nuna nawa ka kashe.

Wannan na 1971 da aka shafa wa tawadar maka zan mayar da shi leda in rubuta a jiki cewa an taɓa shi. Mai tambaya a kan wani kati ya turo hoton gaba da baya, da rula a gefensa. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a huta lafiya.