Harajin Shigo da Motoci: Wa Ke Biya?

An rubuto wannan lacca ne daga faifan sautin wani zaman tattaunawa da aka yi a Jos.

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, iyayenmu, malamai, da ʼyan uwa direbobi da makanikai da nake hange can baya, barkanmu da warhaka.

Duk harajin da kwastan ta ɗora wa mota a tashar jiragen ruwa ta Legas, ba dillali ne ke biya ba. Shi dillali miƙa shi yake wa mai motar haya, mai mota ya ƙara wa direba kuɗin balas, direba kuma ya karɓa a hannun fasinja. Ƙarshenta, baiwar Allahn da ta ɗauko buhun dankali daga Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada ita ke biya, alhali ko teku ba ta taɓa gani ba.

Dattawan da ke nan sun san mun taɓa harhaɗa motoci a ƙasar nan. A shekarun 1970 gwamnati ta shiga haɗin gwiwa da kamfanonin Turai: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Steyr a nan maƙwabta Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes kuma a Inugu. Wanda ya hau 504 daga Jos zuwa Kaduna a wancan zamani ba sai an yi masa bayani ba. Sai dai akasarin kayan motar a cikin akwatuna suke zuwa daga waje, mu namu ɗauri ne. Da kuɗin mai ya ja baya, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, naira ta karye, akwatunan suka fi ƙarfin kamfanonin, motar kuma ta fi ƙarfin ma'aikaci. Daga nan ne ʼyar Kwatano ta zama motar kowa.

A 2013, zamanin Shugaba Jonathan, aka fito da sabon tsarin farfaɗo da masana'antar motoci. Aka ce motar da aka shigo da ita a haɗe za ta biya kashi 35 na harajin kwastan, da wani kashi 35 na ƙari, kashi 70 ke nan. Niyyar ba laifi, kuma ba mu muka fara ba. Koriya ta Kudu ma sai da ta kare kasuwarta kafin Hyundai ya tsaya da ƙafarsa. To amma Koriya ta gina masana'antar ƙarfe, ta samar da wuta, ta kuma tilasta wa kamfanoninta su fita su yi gogayya a kasuwannin duniya. Mu fa? Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta har yau ba ta kammalu ba. Kamfanin mulmula ƙarfe da ke nan cikin Jos, kun fi ni sanin halin da ya shiga. Michelin da Dunlop sun daina yin taya a Najeriya tun kafin a kafa wannan tsari. Wato mun zagaye gona da doguwar katanga, ba mu shuka komai a ciki ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Jiragen suka karkata zuwa Kwatano, Jamhuriyar Benin ta karɓi kuɗin tasha, motocin suka riƙa shigowa ta barauniyar hanya. A watan Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa. Da tafiya ta yi nisa, gwamnatin Buhari da kanta ta sauke harajin ƙarin nan na ƙananan motoci zuwa kashi 5 a dokar kuɗi ta 2020, ta kuma rage harajin kwastan na manyan motocin kaya da bas-bas zuwa kashi 10. Masu harhaɗa motoci sun yi kuka, kuma ban ga laifinsu ba, domin wanda ya zuba jari bisa alkawarin gwamnati aka sauya masa doka rana tsaka an cuce shi.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya ce a buɗe ƙofa kowane tarkace ya shigo. A 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Da yawansu ba za a bar su su hau titi a ƙasashen da suka fito ba. Mu da muke bin Hawan Kibo mun san abin da lalataccen birki yake nufi. Amma haraji mai tsada ba ya maganin wannan, ƙara shi ma yake yi. In ka tsawwala, mai ƙaramin jari ba zai fasa saye ba, wadda ta fi tsufa zai nema, ko wadda ta yi hatsari a Amurka a kawo a buga mata fenti. Kenya ta bi wata hanya: motar da ta haura shekara takwas ba ta shiga, kuma sai an duba lafiyarta tun kafin a loda ta a jirgi.

Yanzu kuma ga wani nauyin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira, kuɗin fito ya riƙa bin farashin dala, tunda da shi kwastan ke lissafi. Ko ba a taɓa adadin harajin ba, abin da ake biya ya ninka.

A ganina, a raba motar neman abinci da motar ƙawa. Bas, da motar ɗaukar kaya, da Keke Napep, da kayan gyaransu, a sassauta musu iya sassautawa. Mai son babbar jif ta shiga biki, Allah ya ƙara buɗi, ya biya. (Dariya)

Sannan ga yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a watan Yulin 2019, aka kuma buɗe ciniki a ƙarƙashinta a farkon 2021. Maroko da Afirka ta Kudu sun yi mana nisa. Kamfanin Renault da ke Tanja tun 2012 yake aiki, har Turai yake kai motoci. Rangwamen yarjejeniyar na kayan da aka tabbatar an yi su a Afirka ne, saboda haka ɗaura taya huɗu a jikin motar da aka gama a waje ba zai wadatar ba. Inda muke da dama shi ne ƙananan kaya: batir, gilashi, kujeru, filta, birki. Mutanen Nnewi da sayar da kayan gyara suka fara, suka koma ƙera su, kafin kamfanin Innoson ya kai ga haɗa mota. Kasuwar waɗannan kaya kuwa tana nan a shirye, domin kowace ʼyar Kwatano da ke yawo tsakanin Taminus da Bukuru tana buƙatar su duk shekara.