Lacca: Tubalan Zane, da Yadda Haske da Duhu Suka Fi Launi Aiki

Jama'a barkanku da zuwa. Na baya kuna jina? To madalla.

Tubalan zane, yadda akasari ake koyar da su, bakwai ne: layi, siffa, jiki, launi, haske da duhu, santsi ko kaushi, sai sarari. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko layi. In yana kwance ido yakan natsu, in yana tsaye ya nuna ƙarfi, in ya karkata sai ka ga kamar abu na motsi. Na biyu siffa: layi ya zagaya ya haɗe bakinsa, ka sami da'ira ko murabba'i, tsawo da faɗi kawai. Na uku jiki, wato siffa ta sami kauri. To yaya da'ira za ta tashi daga takarda ta zama ƙwallo? Nan fa maganar take. Ku yi mini haƙuri in tsallaka zuwa haske da duhu, za mu dawo.

Albert Munsell, wani mai zane a Amurka, ya auna wannan da ma'auni daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 10, fari fat. Ku ba sai kun yi goma ba, biyar sun isa. Ku ja akwati biyar a jere. Na farko a bar shi fari, na biyu fensir 2H, na uku HB, na huɗu 2B, na ƙarshe 6B. H mai tauri ne, ba ya baƙi sosai. B mai laushi ne. Kada a danna fensir har takarda ta yi ƙyalli, a riƙa bi sannu-sannu, shafi kan shafi.

Yanzu ku ajiye farar ƙwallo a kan tebur, fitila ɗaya tak daga gefe. Ɗaya na ce! In kuka kunna biyu inuwa ta rikice. Abu biyar za ku gani: ɗigon ƙyalli inda haske ya doka, gefen da ke cikin haske, tsakiyar inuwa inda duhu ya fi yawa a jikin ƙwallon, ɗan hasken da tebur ya maido mata daga ƙasa, sai inuwar da ta faɗi a kan tebur. Kuskuren da kusan kowane ɗan koyo yake yi yana wurin na huɗun nan. Ya hango ɗan hasken, murna ta kama shi, ya sa magogi ya goge wurin fari tas. Shi ke nan ƙwallo ta baje. Hasken da aka maido cikin inuwa yake, dole ya fi duk gefen hasken duhu. Zan maimaita, don na ga wasu sun daina rubutu: cikin inuwa yake.

Ta yaya za ka gane ka yi daidai? Ƙanƙance idanunka, kamar mai jin barci. Ƙananan abubuwa su ɓace, manyan sassan haske da duhu su rage. Wancan ɗan'uwan na can tun ɗazu yake gwadawa, Allah ya sa aiki ne. Ko kuma ka ɗauki hoton aikin da waya, ka mai da shi baƙi da fari. Masu tsara talla, wannan naku ne: jan rubutu a kan kore, ido na cewa sun bambanta, amma a hoton sau da yawa toka ɗaya suke komawa, rubutun ya nutse. Shi ya sa ƙa'idar shafukan intanet ta ce bambancin hasken ƙaramin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1.

Ina muka tsaya? Na shida? A'a, launi... lokaci ya ja, bari mu gaggauta. Kaushi da santsi, da sawun fensir ake nuna su. Sarari kuma, ku daina cika takarda maƙil, ku bar wa ido wurin hutawa.

Na ga hannu. Bismillah, Malama.

(Tambaya: Me ya sa launin da na tsara a kwamfuta yakan dushe in an buga shi a takarda?)

Yauwa, kin dawo da mu kan launin da na tsallake. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi: ja, kore, shuɗi, in suka haɗu duka sai fari. Injin bugu kuwa tawada huɗu gare shi, abin da ake kira CMYK, wato shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, kuma tawada shanye haske take yi. Akwai shuɗi da kore masu walƙiya da tawada ba za ta iya ba sam. Saboda haka tun kafin ki fara, ki sa aikin a CMYK, hotuna su kai ɗigo 300 a kowane inci, ki ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Sannan ki ce su buga miki guda ɗaya ki duba a hasken rana kafin a saki injin.