Ƙwayar halitta ma tana jin shimfiɗarta: lacca ga ɗalibanmu a Jidda

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To. Abu uku zan faɗa, in Magariba ta bar mu.

Na farko, shekaru ina wannan bincike, kullum mahaifiyata tambayarta ɗaya ce: wai me kake yi? Sai in ce, Inna, matsa ƙwayoyin halitta nake yi in ga yadda za su yi. Ta ce a kan wannan ake biyanka? (Dariya.)

Abin da ya ja ni gwaji ne na 2006, na Dennis Discher da abokansa a Jami'ar Pennsylvania, a Amurka. Suka ɗebo ƙwayoyin asali, wato waɗanda ke iya rikiɗa su zama ƙwayoyi iri-iri, daga ɓargo, iri ɗaya, abincinsu ɗaya. Shimfiɗa kawai aka bambanta. Wadda aka ɗora kan abu mai laushi kamar ƙwaƙwalwa, ta kama hanyar zama ƙwayar jijiya. Mai matsakaicin tauri, tsoka. Mai tauri sosai, ƙashi. Ku ji fa! Iri ɗaya, abinci ɗaya! Ƙwayar tana jan shimfiɗar, kamar yadda uwar gida ke danna tuwo da yatsa ta ji ko ya yi. Ba ido gare ta ba, amma tana ja, tana ji. Ranar da na karanta ban yi barci ba. Shimfiɗa kawai, jama'a.

Ga inda tsufa ya shigo: jijiyoyin jini na ƙara tauri da shekaru, ƙwayoyin kuma su ji, su canza hali.

Na uku... au, na biyu ne? Piezo, ƙofar da matsi ke buɗewa a jikin ƙwaya. An gano ta 2010, Ardem Patapoutian ya sami Nobel a kanta a 2021. 'Yan sama jannati kuwa, da babu nauyi a kansu, ƙashinsu na raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 duk wata. Rayyanah Barnawi ta ƙasar nan ta je sararin samaniya a 2023, kun dai ji sunan.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya, gwiwarta na ciwo wajen ɗawafi, ta koma keken guragu ne?

Hajiya, guringuntsin gwiwa ba shi da jijiyar jini. Kamar soso yake, a matsa ruwa ya fita, a saki ya tsotso abinci. Zama kullum yunwa ce gare shi. Amma ni ba likitanki ba ne, ki fara kai masa gwiwar ya gani. Ga ladan can, na ukun sai wani jiƙon.