Yadda Harshen Fatake Ya Zama Harshen Ƙasar Indonesiya

A Indonesiya ana magana da harsuna fiye da 700, kuma ƙabilar Jawa ce mafi yawan jama'a, amma da aka tashi zaɓen harshen ƙasa ba nata aka ɗauka ba. Harshen Malay aka ɗauka, wanda fatake da matuƙan jiragen ruwa suka daɗe suna ciniki da shi.

Tun a ƙarni na 7 ake rubuta shi, domin akwai wani dutse da aka gano a Kedukan Bukit, kusa da birnin Palembang, mai ɗauke da rubutun tsohon Malay daga zamanin daular Sriwijaya. Da Musulunci ya kafu, Malaka ta zama babbar tashar ciniki a ƙarni na 15, sai aka koma rubuta shi da haruffan Larabci da ake kira Jawi, kamar dai ajaminmu. Turawan Holan ma da suka mulki tsibiran, da shi suka riƙa hulɗa da talakawa, har suka tsara masa ƙa'idar rubutun boko a 1901.

Ranar 28 ga Oktoba, 1928, matasa daga tsibirai daban-daban suka taru a Batabiya, wato Jakarta ta yau, suka yi alƙawarin ƙasa ɗaya, al'umma ɗaya, da harshen haɗin kai guda, wanda suka raɗa wa suna Bahasa Indonesia. Hikimar zaɓin a bayyane take. Harshen Jawa yana da matakan girmamawa, ta yadda kalmomin da mutum zai faɗa wa abokinsa sun sha bamban da waɗanda zai faɗa wa babba, kuma ɗora shi a kan sauran ƙabilu zai zama tamkar danniya. Shi kuwa Malay, masu jin sa a kasuwa sun ninka waɗanda suka tashi da shi a gida, saboda haka ba wanda ya ji an fifita wani a kansa.

Mamayar Japan daga 1942 ta ƙara masa ƙarfi, domin an hana amfani da harshen Holan, dole makarantu da ofisoshi suka koma gare shi. Bayan shelar 'yancin kai a ranar 17 ga Agusta, 1945, sashe na 36 na tsarin mulki ya tabbatar da shi harshen ƙasa, sannan a 1972 aka daidaita ƙa'idojin rubutunsa da na maƙwabciya Malesiya.