Haya, haƙori da harshen Wales

YAYA: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau muna zaune a kicin ɗina a unguwar Grangetown da ke Kadif, ruwa kuma tun asuba bai ɗauke ba. Ga Auta a gefena, Kawu ma ya taso daga Newport bayan ya sauke fasinjansa na ƙarshe. Kawu, sannunku da hanya.

KAWU: Yauwa 'yar nan, mun same ku lafiya? Tun shigowata na lura da gefe guda kike tauna.

YAYA: Shi ya sa na ce yau zancen kuɗi za mu yi. Haƙori ne, na can ƙurya ta hagu. Wata huɗu ke nan ina lallaɓa shi da kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi. Daren Talata ina wurin aiki na kurɓi shayi, sai na ji kamar an soka min allura har cikin kunne. Na shiga banɗaki na dafe bango, hawaye na zuba.

AUTA: Wata huɗu, Yaya? Kullum muna waya ba ki taɓa faɗa min ba.

YAYA: Kai da ke fama da kuɗin makaranta? Na kira wuraren likitocin haƙori sun fi goma, kowa ya ce ba ya ɗaukar sabbin mutane a tsarin NHS, wato tsarin lafiya na gwamnati. Wani asibitin kuɗi ya duba ni, ya rubuto lissafin da ya haura hayata ta wata guda. Na ninke takardar na tura ƙasan jaka.

KAWU: Wannan ce matsalar da ke cin mutanenmu a nan. Ana jin cewa lafiya kyauta ce a Birtaniya, kuma a Wales ma tun 2007 ba a biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta. Sai mutum ya ɗauka haƙori ma haka yake. A'a, shi ana biya. Da aka ƙara farashi a watan Afrilun 2024, dubawa ta koma fam 20, cikewa ko cirewa ko wanke jijiya fam 60, hular haƙori da haƙoran roba fam 260. Na gaggawa fam 30. Kafin mutum ya hau kujerar nan ya tambayi farashin ranar, ya kuma tambaya ƙarara: wannan aikin na NHS ne ko na kuɗi?

AUTA: Ni ban biya ko kwabo ba da aka duba ni, saboda a Wales wanda bai kai 25 ba da wanda ya kai 60, dubawa kyauta ce. Mai juna biyu da wadda ta haihu cikin shekara guda, su aikin ma gaba ɗaya ba sa biya. Sannan yanzu akwai shafi guda a intanet, Dental Access Portal, inda za ki sa sunanki a layi maimakon ki yi ta buga waya gida-gida.

KAWU: Amma wannan na jira ne. Ke da ciwo ke hana ki barci, gobe da sassafe ki kira 111, za su haɗa ki da layin gaggawa na yankinku. Kogon da za a cike yau, in an bar shi sai ya kai jijiya, daga nan sai kumburi. Na ga wani abokin aikina fuskarsa ta haye har ido ya rufe, sai da aka kwantar da shi.

YAYA: Zan kira, in sha Allah. Gaskiyar magana, Kawu, haƙorin ba shi kaɗai ya hana ni barci ba. Mai gida ya turo takardar ƙarin haya. Ga harajin kansil, ga wuta da gas, ga abin da nake tura wa Inna duk ƙarshen wata, ga zubin adashe. A gida in an ji fam sai a buga da naira a ga kamar tsinta muke yi. Ban iya buɗe baki in ce wannan watan ba zai yiwu ba.

KAWU: Inna uwa ce. In ta ji kina kwana da ciwo don ki tura mata, ranta ne zai fi ɓaci. Ki gaya mata gaskiya, ki rage na wata biyu. Takardar mai gidan kuma, wata nawa ya ba ki?

YAYA: Wata guda.

KAWU: To ki kai ta Shelter Cymru ko Citizens Advice, ƙungiyoyin ba da shawara, su duba, ba sa karɓar komai. Dokar haya ta Wales ta canza tun 1 ga Disamba 2022. In yarjejeniyarki irin ta wata-wata ce, sanarwar wata biyu ake bayarwa kafin ƙari, kuma sau ɗaya a shekara. In ma tashinki yake so ya yi ba da wani laifi ba, wata shida doka ta ce. Ki kuma duba ko yana da rajista da Rent Smart Wales, inda masu gidajen haya ke yin rajista. Harajin kansil fa, tunda ke kaɗai ce a gidan, an cire miki kashi 25?

YAYA: Wannan kam na nema tuntuni. Amma ko an gyara takardar, ƙarin yana nan tafe. Shi ya sa nake tunanin komawa Pontypridd. Na ga gida mai ɗaki biyu da bai kai kuɗin wannan ɗan akurkin ba, jirgin ƙasa kuma kamar rabin sa'a ne zuwa Kadif.

AUTA: Ni abin da ke damuna, nan kina fita ƙofa ga naman halal a Clare Road, ga masallaci a Butetown kina zuwa da ƙafa. Can wa za ki ƙwanƙwasa wa ƙofa in zazzaɓi ya kwantar da ke?

YAYA: Na yi tunanin haka, Auta. Har yanzu zuciyata biyu.

KAWU: Ki ɗauki biro ki haɗa kuɗin jirgi na wata, da na tasi ranar da aikin dare ya tashi babu jirgi, da kuɗin ajiya na sabon gida wanda za ki biya tun tsohon bai dawo hannunki ba. Dillali ba shi da ikon karɓar kuɗin dillanci a hannun ɗan haya tun 2019, kafin alƙalami kuma ba ya wuce hayar mako guda. Abu na ƙarshe, kogin Taff ya ratsa Pontypridd. Ya yi ambaliya a Fabrairun 2020, ya sake a Nuwamban 2024. In kin ga gida da araha kusa da ruwa, ki tambayi maƙwabta inda ruwan ya tsaya a bango.

AUTA: Wani abin da na san yana jan Yaya can shi ne yaren Wales. Garin ne ya karɓi bikin Eisteddfod na ƙasa, bikin waƙa da adabi na yaren, a 2024.

YAYA: Ka gano ni. Cikin duk wannan damuwa, daren Alhamis da nake zama ajin Cymraeg, wato yaren Wales, shi ne lokacin da kaina ke hutawa. Ina matakin farko, Mynediad. Kuma dalilin shigata, wata tsohuwa ce a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki. Ciwon mantuwa ya kwashe mata Turanci, sai yaren da ta tashi da shi ya rage. Kullum na kawo shayi sai ta ture kofin ta juya wa bango fuska. Wata abokiyar aiki ta koya min kalma ɗaya, paned, wato kofin shayi. Na durƙusa a gabanta na gaishe ta da gaisuwar safe, na ce, "Bore da, paned?" Kawu, matar nan ta juyo ta kama hannuna da hannu biyu, ta yi ta zuba magana, ko ɗaya ban gane ba. Ta shanye tas. Na tuna Kaka a kwanakinta na ƙarshe a asibiti, da a ce babu mai jin Hausa a kanta fa?

KAWU: Allah ya jiƙanta. Shekarata ashirin ina tuƙi ina ganin "araf" a rubuce a kan titi, na san dai a rage gudu ake nufi, iyakacina ke nan. Yaren da wuya?

YAYA: Ga Bahaushe akwai sauƙi ta wani gefen, don su ma suna da namiji da mace a suna, kamar yadda muke cewa rana ce, wata ne. Abokan ajina Turawa nan suke tuntuɓe, ni kuwa ban ga baƙon abu ba. Inda ake gumi shi ne farkon kalma yana sauyawa. Sunan Kadif da yarensu Caerdydd, in za ka je sai ya zama "i Gaerdydd", in kana ciki "yng Nghaerdydd". Sai harafin "ll", ka ɗora harshe a bayan haƙoran sama ka huro iska ta gefe. Kuɗi kuma "arian" suke cewa, kalmar da take nufin azurfa.

AUTA: Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin yaren sun kai dubu 538, gwamnati kuma na son su kai miliyan ɗaya kafin 2050. Shi ya sa 'yan shekara 18 zuwa 25 darasin kyauta ne, ni ma na sa sunana. Ka tuna an yi zamanin da ake rataya wa yaro katako a wuya a makaranta in ya yi yarensu.

KAWU: Mu ma a firamare an ci tarar mu don mun yi Hausa a aji. 'Yar nan, ya ake cewa likitan haƙori?

YAYA: Deintydd.

KAWU: To gobe ƙarfe takwas ki kira, in sun ba ki lokaci ni zan kai ki wurin deintydd ɗin. Ranar Asabar kuma mu uku mu je Pontypridd mu ga gidan da idonmu.

AUTA: Ni zan zo da takardar lissafi.

YAYA: Diolch, Kawu, na gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Nos da, mu kwana lafiya.