Lesin da yaron da ke jin kunyar cewa "ban gane ba"

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu maza da mata, 'yan uwana malamai, barkanku da war haka. Na baya kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana kan lesin, wato karatun da ake ɗaukar wa yaro malami na daban bayan an tashi daga makaranta. Na san a zauren nan akwai mai biyan kuɗin lesin yana mita, akwai mai ganin asarar kuɗi ce kawai, akwai kuma irinmu da muka ci tuwo da shi shekara da shekaru. Don haka in kun ji na yabi abin, ku ɗan rage, mai kaya ne ke tallar kayansa.

Wa ya yi makarantar allo a nan? Kusan kowa. To ku tuna yadda ake yi. Yara sun fi hamsin suna ta karatu da ƙarfi, amma in lokacin biyawa ya yi, kai kaɗai za ka durƙusa gaban malam da allonka. Ya biya maka, ka maimaita, ya gyara maka baki. Ba za a ce ka wanke ba sai ka iya. Na kusa da kai yana izu goma, kai kana izu biyu, babu wanda ya ja wani. Haka a zaure, wannan yana Ahalari, wancan yana Risala, kowa da inda ya tsaya jiya. Mu Hausawa mun san karatun mutum ɗaya da malaminsa tun kafin boko ya zo. Boko ne ya kawo mana aji, a zuba yara a ɗaki ɗaya a ce su yi tafiya ɗaya, wanda ya gaji a hanya sai dai ya bi ƙura.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Ni da hannuna na riƙe rajistar ajin da ya haura ɗari. Darasi minti 40 ne. Ku raba da kanku, kowane yaro ko rabin minti bai samu ba, kuma a ciki za a share allo, a tsawatar, a rubuta nota. Tun shirye-shiryen gwamnati na ba kowane yaro ilimi, UPE ta 1976 da UBE ta 1999, yara suka yi ta shigowa, kuma alheri ne, amma azuzuwa da malamai ba su ƙaru yadda yara suka ƙaru ba. A irin wannan aji, yaron da ya ɗaga hannu ya ce "Malam ban gane ba" ya san dariya za a yi masa. Sai ya koyi gyaɗa kai. Malam ya ce "Kun gane?" aji ya amsa "Eee!" a wuce gaba.

Bari in ba ku labarin wata yarinya da aka kawo mini, ba zan faɗi sunanta ba, yanzu matar aure ce. Tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Mahaifiyarta ta ce, "Malam, ga ta nan, kanta ba ya ja, lissafi kullum sifili." A gabanta aka faɗa, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Ban buɗe littafin ajinsu ba. Na rubuta mata 402, a cire 178. Ta rubuta 376. Na ƙara mata wani, ta sake irin wannan kuskure. Sai na gane abin da take yi: a kowane layi ƙaramin lamba take cirewa daga babba, ko a sama yake ko a ƙasa. Biyu daga takwas shida, sifili daga bakwai bakwai, ɗaya daga huɗu uku. Ba ta taɓa fahimtar aro ba. Tun aji uku na firamare aka bar ta a wurin, wataƙila makon da aka koyar tana kwance da zazzaɓi, kuma shekara biyar ana ta ɗora mata gini a kan rami.

Na ce, "Me kuke sayarwa a gida?" Ta ce awara. Na ce, "Mutum ya ba ki 500, ya sayi ta 320, nawa ne canjinsa?" Ban rufe baki ba ta ce 180. Na ce, "To wa ya ce miki ba ki iya lissafi ba?" Ta ɗago ta dube ni, karo na farko ke nan da na ga idonta. Muka samo tsinken tsintsiya, muka ɗaure goma-goma da zare. In za a cire takwas daga biyu, sai ta kwance ɗauri ɗaya da hannunta ta ga inda goman nan ke fitowa. Mako uku muka yi a kan wannan kaɗai. Mahaifinta har ya aiko yana tambaya, shi fa kuɗin karatun sakandare yake biya, yaya ake koya mata na 'yan firamare? Na ce Alhaji a ƙara haƙuri. A zango na gaba ba ta zo ta ɗaya ba, kada in yi muku ƙarya, tsakiyar aji ta dawo. Amma malaminta na lissafi ya gaya mini ta fara damunsa da tambaya.

Wannan ƙwarin gwiwar da ake ta magana a kai, iyaye, ba da kirari ake samunsa ba. Ka ce wa yaro "kai gwani ne" sau ɗari, shi ya san bai iya ba, ya fi ka sani. Ranar da ya warware abin da jiya ya gagare shi, da hannunsa, babu wanda ya raɗa masa amsa, ranar ce tsoron ke fara sakinsa. Kuma ba zai kai nan ba sai ya sami wurin da zai yi kuskure babu mai dariya, babu bulala.

Masu bincike ma sun taɓa auna abin. A 1984 wani malami a Jami'ar Chicago ta Amurka, Benjamin Bloom, ya ba da rahoton cewa matsakaicin ɗalibin da aka koyar shi kaɗai, ba a wuce darasi sai ya iya, ya zarce kashi 98 cikin ɗari na waɗanda aka koyar a aji. Binciken da ya biyo baya bai sami tazara mai girma haka ba, amma amfanin dai ya tabbata. A Indiya kuma ƙungiyar Pratham ta yi suna da raba yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba, a fara da kowa daga inda ya tsaya. Da na karanta sai na yi dariya, na ce ai malaminmu na allo ke nan.

Yanzu ɓangaren da 'yan uwana malamai ba za su so ba. Yawancin abin da muke kira lesin ba lesin ba ne. Yara 60 a gareji da yamma, malami ɗaya, allo ɗaya, yaro ya gaji, ga Islamiyya tana jiransa. Aji ne aka sake masa suna aka sa masa kuɗi. Akwai malamin da ke zuwa gida ya yi wa yaro aikin gidansa tas, littafi ya cika da jan maki, ranar jarrabawa asiri ya tonu. Akwai wanda ke rage abin da zai koyar da safe don ya sayar da shi da yamma, wannan kam cin amana ne, a kira shi da sunansa. Sai kuma cibiyoyin da ke alƙawarin kiredit tara a WAEC ko NECO ko yaro bai karanta ba. Za a samo masa kiredit biyar ɗin da jami'a ke nema, sai ya je JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi, ya zauna shi da allon na'ura yana zufa.

Ga kuma maganar mai shi da marar shi. Koriya ta Kudu ta haramta lesin a 1980 saboda ganin yana fifita 'ya'yan masu kuɗi, mutane suka koma yi a ɓoye, har kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000. Sin ma ta taka wa kamfanonin lesin birki a 2021. Mu ba mu kai can ba, amma a unguwa ɗaya za ka ga mai malamai uku da wanda ko biro sai an ara masa. Abin da na ga yana aiki shi ne gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi su ɗauki malami ɗaya ga yara biyar. Ko ɗalibin kwalejin ilimi da ke hutu, ko yayan da ke aji shida ya zauna da ƙaninsa rabin awa bayan magariba, muddin ba mai saurin hannu ba ne.

Hajiya na ga kin ɗaga hannu, ina zuwa. In za ku ɗauki malami, bayan mako biyu ku tambaye shi, "Malam, a ina yaron nan ya tsaya?" In ya ce "yana ƙoƙari", ku sake tambaya. Wanda ya san aikinsa zai ce muku, ya iya haɗa baƙi amma ba ya fahimtar abin da ya karanta, ko ya haddace sau amma bai san raba ba. Kuma don Allah, ko Turanci ake koyarwa, ku bar malami ya yi bayani da Hausa in yaro ya kakare. Sannan ku daina cewa "kansa ba ya ja" a gabansa.

An miƙo mini takarda wai la'asar ta gabato. Hajiya, bisimilla, a ba ta abin magana.